Surukin Babana

Ruwa ake yi a Paços tun asuba,
irin wanda ba ya zuba, ba ya kuma ɗaukewa.
Na ɗaga ƙofar shago, ƙamshin katako ya tarye ni.
Baba Belmiro na kan kujerarsa,
kofi na rawa a hannunsa.

Dona Zulmira ta aiko da takarda jiya:
tebur take so, ba zagayayye ba, ba mai kusurwa ba,
mai siffar ƙwai, tsawo santimita ɗari da ashirin, faɗi tamanin,
don jikokinta su daina fasa goshi.

Da'ira wasan yara ce:
ƙusa ɗaya, zare ɗaya, ka kewaya ka dawo gida.
Ƙwai ne mai taurin kai.

Baba ya nuna saman kanta da haɓa.
Na sauko da abin, ƙura har gira.
Allo ne da ya yanko daga ƙyauren tsohon kabad
shekarar da aka haife ni,
ya tsaga masa hanya biyu, sun gitta juna a tsakiya,
kowace da ɗan katakonta mai zamiya,
sanda guda ta haɗa su, inji ɗaure a bakinta.
Ko a Porto ba a sayar da irinsa.
Baba na ce masa "surukina",
wai don sai an lallaɓa shi yake motsi.

Daga haƙorin inji zuwa noti na kusa, arba'in.
Zuwa na nesa, sittin.
Na auna, na sake aunawa,
na ɗaure allon a cikin katakon, ta ƙasa,
inda idon Dona Zulmira ba zai kai ba.

Na kunna. Inji ya kwarma ihu.
Na nitsa haƙori da zurfi, don sauri nake,
rabin tafiya ɗan katako ya cije a mararraba,
sanda ta yi tutsu, haƙori ya gatsi gefe,
ya bar baƙin tabo kamar kan ɗan yatsa.
Na kashe. Shirun ya fi ihun ciwo.

Baba ya laluba aljihu,
ya fito da guntun kyandir da ya rage daga coci.
Hannun nan da kofi ke gagara
ya bi hanyoyin biyu da shi, bai kauce ba.
"Milimita uku, Lucília, sannan wasu uku.
Ba a cin katako da loma ɗaya.
Matso da notin ciki kaɗan, ƙwan ya rame da kaurin farce.
Zulmira ba ta yawo da magwaji."

Na sake. A hankali.
Wannan karon ban kalli haƙori ba, 'yan katakon na kalla:
ɗaya na shigowa tsakiya, ɗaya na ficewa,
wannan ya kai ƙarshen hanyarsa, wancan na mararraba.
Ba su taɓa haɗuwa ba.
Tsakaninsu ashirin, ba ƙari, ba ragi.

Sai na tuna Mama Graciete.
Shekara talatin tana aikin dare a masaƙa,
tana shigowa da audugar zare a gashi
shi yana fita da burodi a hammata,
su yi gaisuwar bakin ƙofa, miya na kan wuta.
Da ina yarinya na ɗauka ba sa shiri ne.
Ban san wani abu suke zanawa ba, can a bakin sandar.

Zagaye na shida, gefen ya saki, ya faɗi ƙasa gida biyu.
Garin katako ya lafa a kan takalmina.

Baba ya miƙe, ya ɗora tafin hannu a gefen,
ya bi shi kewaye, ido rufe,
yana neman inda na fara.
Ya wuce wurin sau biyu bai ji ba.

"Mayar da surukina sama," ya ce.
"A'a, bari. Sa shi ƙasa-ƙasa, inda hannunki ke kai."

Waje, ruwan bai fasa ba.